Autanmu Darakta

Baba bai bar mana hoto ba. Magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo kan bulo, amma da ya ga an ɗaga waya sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba kayan talla ba ne. In aka cire ɗan hoton katin shaida, wanda ya fito kamar an kama shi da laifi, abu ɗaya kacal ya rage mana da za mu ga fuskarsa a ciki: bidiyon da autanmu ya ɗauka wata huɗu kafin rasuwarsa. Bari in gaya muku ko wane ne autan namu, don ku san a hannun wa wannan amanar ta faɗa.

Sunan Darakta ba wani ne ya raɗa masa ba. Shi ya raɗa wa kansa, har ya buga a bayan riga. Tun yana ƙarami ba ya iya zama a gama abu. Ya shiga koyon gyaran waya, wata uku ya ce maigidan ba shi da hangen nesa. Baba ya ja shi wajen gini, kwana biyu ya ce siminti na ɓata masa fata. Na kawo shi shagona na ɗinki ya riƙa yi mini guga, ya ƙona rigar mutane yana latse-latsen waya. Daga nan ya faɗa ɗaukar hoto. Ranar da ya samu ɗan jirgin nan mara matuƙi, mai kyamara a ciki, mai ƙugi kamar an tsokano zuma, ranar kansa ya gama kumbura. Ko gaisuwa sai ya tura tabarau saman goshi tukuna. Tabarau a cikin ɗaki, jama'a!

Na sha leƙa ɗakinsa in na zo gida. Katifa a ƙasa, kwamfuta a kan kwalin firji, wayoyin caja sun sarƙe ko'ina, ga kofuna uku da ƙuda ya gaji da su. A nan yake tace bidiyo, kuma dabararsa ɗaya ce tal. Zai ja wani layi a kwamfutar, sai hoton ya kwasa a guje, titi da bishiyoyi su shafe kamar an goga hannu a kan ɗanyen fenti. Kwatsam sai ya taka birki, komai ya koma tafiyar hawainiya a kan abin da shi ya ga ya isa a kalla. Sai kuma gudu. Dishi-dishin nan ma da hannunsa yake ƙara shi, wai in babu shi gudun ba ya sulɓi.

"Yaya, ido ba ya son jira," in ji shi. "Daƙiƙa uku mutum zai ba ki. In ba ki fizge shi ba, ya wuce."

Ka ji masana! To mene ne ya isa a kalla a wurinsa? Wata makaranta ta taɓa ba shi aiki. Yara ɗari biyu suka yi layi cikin rana, an goge musu takalma, an gyara musu kwala. Da bidiyon ya fito, yaran duk sun zama wani shuɗin zane da ya gilma, sai ga motar mai makarantar ana zagaya ta a hankali, har tambarinta yana ƙyalli. Mai makarantar ya ji daɗi, ya yaba masa, shi ke nan kan ya ƙara girma.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana gina gidanmu, ɗaki bayan ɗaki, duk lokacin da ya samu sarari daga ginin mutane. Ranar da aka rufa ɗakin sama, Auta ya ce zai ɗauki gidan daga sama. Baba ya yarda, don a ganinsa gini za a ɗauka, ba shi ba. Ina tsaye a wurin. Baba ya fito cikin farar rigarsa, ya taso daga bakin ƙofa zuwa gindin mangwaron da ke ƙarshen tsakar gida, sanda a hannun dama, tafin hagu yana shafa bango yadda yake yi in yana duba filasta. Gwiwa ta riga ta ci shi, tafiyar ta kai minti biyu. Da ya isa, jirgin ya sauko daidai kansa. Baba ya ɗaga kai ya dube shi, sai ya yi dariya, har giɓinsa ya fito. A ɗan allon da ke hannun Auta na gani, tar, kamar in miƙa hannu in taɓa shi.

Na ce, "Auta, ka ajiye mini wannan."

Ya ce, "An gama, Yaya."

Bayan rasuwar na shiga binsa. Yau yana wajen aiki, gobe kwamfuta ta yi zafi. Har cewa ya yi da ni wai ba a yi wa fasaha gaggawa. Shi! Mama kuwa ba ta taɓa matsa masa ba, ɗan lelenta ne. Ni take tambaya, kullum in na shigo: "Har yanzu bai gama hoton babanku ba?"

Sai bayan wata biyu ya turo mini a waya, ina shago. Na kashe keke, na goge hannu, na zauna. Daƙiƙa arba'in ne duka. Shida na farko sunansa ne yana juyi cikin wuta, ga kiɗa kamar ana fasa dutse. Aka kwaso layinmu a guje, aka taka birki a kan sabuwar motar maƙwabcinmu, aka sake fizga ta tsakar gida, aka tsaya a kan tankin ruwa yana sheƙi, aka cilla sama. Sai sunansa kuma.

Ko mayafi ban gyara ba na same shi a ɗaki. Na ce, "Ina Baba?"

"Ai yana ciki. Ba ki gani ba?" Ya mayar baya, ya nuna mini da yatsa. Wani farin zane ne ya tashi daga ƙofa zuwa gindin mangwaro, daƙiƙa ɗaya da rabi. "Tafiyar ce ta yi tsawo, Yaya, tana kashe bidiyon."

"Dariyar fa?"

"A nan na sa juyin da ya kai mu kan tanki. Kin ga yadda juyin ya zauna kuwa?"

Na ce ya ba ni na asalin, wanda bai taɓa ba. Sai ya hau sosa ƙeya. Memorin jirgin ya cika, ya samu aikin wani otal, ya goge. Na kwamfuta kuma, shi ƙa'idarsa in ya gama aiki ba ya ajiye ɗanye, yana cinye masa wuri. "Ai wannan ne mai kyan," in ji shi, ko kunya babu. Wallahi ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina ɗan'uwana a wannan rana ba. Ko zagi ban yi ba, don bai kai ba.

Na kai wa wani dattijo mai tace bidiyo a cikin kasuwa. Ya sa gilashi, ya rage gudun iya ragewa, ya bi hoton ɗaya bayan ɗaya. Babu fuska ko a guda. Ya ce kwamfutar ta zubar da mafi yawa, sauran kuma ta cakuɗa su wuri ɗaya don ta yi dishi-dishin. "Baiwar Allah, sai haƙuri. Abin da aka dama ba ya komawa gari."

Sati guda ina yi wa Mama hanya-hanya. Ashe Darakta bai ga laifin komai ba. Ranar wata Asabar na shigo na tarar ya haɗa wayarsa da talabijin a falo, ya ja labule, ya zaunar da ita a kujerar tsakiya. Ya danna, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Mama ta kalla har ƙarshe. Ta ce, "Ban ga babanku ba."

Ya mayar, ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Ga shi nan, Mama. Kin ga? Fiu!"

Ta ce a sake. Ya sake. Ta matso da kujera har gwiwarta na taɓa teburin, ta ce a kuma. Farin zanen ya sake gilmawa daga ƙofa zuwa mangwaro.

Sannan ta juyo, ba ta ko dubi inda yake ba, ni ta kalla.

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare da mutumin nan," ta ce, "ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Kashe mini abin nan."