Mai Rediyo da Misa Biyu

Shagonsa yana kan layin da ya bi ta bayan coci, tsakanin mai walda da wata mai ɗinki, kuma ba a kiransa da komai sai Mai Rediyo. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a kan benci guda, tabarau a kan karan hanci, yana ɗiga dalma a hanjin rediyo. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa gyara sai ya kara akwatin a kunne ya saurara tukuna, sannan ya ce ka dawo jibi.

Da cocinsu na Katolika ya sayi lasifika, ba a tsaya shawara ba, shi aka danƙa wa. Aka ajiye masa ɗan tebur can baya kusa da ƙofa, da na'ura mai maɓallai takwas. Daga nan yake ɗaga muryar Fada, limamin cocin, in ta yi ƙasa, ya kashe kukan makirufo kafin ya huda kunnen jama'a.

Matarsa ce ke jan tsofaffin mawaƙa. Waƙoƙinsu a hankali suke tafiya, wasu ma da Latin, ana raka su da tsohon fiyano mai iska wanda sai an taka masa ƙafa yake numfashi. Haka ake yi tun kafin su yi aure, babu wanda ya taɓa cewa uffan. Sai Autarsu, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta haɗa kai da sa'o'inta suka shigo da jita da ganguna da fiyanon lantarki. Fada ya ba su waƙa biyu kowace Lahadi. Kafin shekara ta zagayo biyu sun zama biyar.

Rigimar ba ta tsaya a coci ba, ta biyo shi har gida. Ran Asabar, yana wanke hannu, matar za ta ce, "Maigida, gobe ka rage wa yaran nan. Gaban bagadi muke, ba gidan rawa ba."

Auta kuma ta tare shi a bakin ƙofa. "Baba, don Allah ka ƙara wa jita. Makon jiya kamar sauro ke kuka."

"To," yake ce wa kowacce. Ran Lahadi kuma ya bar maɓallan inda kunnensa ya ce su tsaya, su dawo gida kowacce tana cika tana batsewa.

Da abin ya kai har wasu dattawa na fita waje in an buga ganga, Fada ya tara jama'a bayan Misa, wato ibadar Lahadi. Katikis, mai koyar da addini a cocin, ya ce waƙar da kakanni suka yi addu'a da ita ba tsumma ba ce da za a yar. Wani malamin makaranta ya ce matasa sun fara zarcewa cocin da ke tsallaken titi saboda kiɗa, a zauna nan ana jan waƙa kamar ana jan ƙafa. Can Fada ya hango Mai Rediyo ya ce shi me ya gani.

Ya miƙe yana murza hularsa. "Fada, ni a baya nake, wajen masu makara da masu goyo. In aka ɗauki tsohuwar waƙa, manya na yi, yara na ƙirga fankoki. In aka ɗauki sabuwa, yara na yi, manya na duba agogo. Amma wurin 'Ubangiji ka yi mana jinƙai', ko da wane kiɗa aka zo, kowa na buɗe baki. Abin da na ji ke nan."

Ya zauna. Manya suka ɗauka ya bi bayan 'yarsa, matasa suka ɗauka tsoron matarsa ya ji. Kwana biyu a gida, daga matar har 'yar, ba wadda ta tambaye shi yadda kasuwa take.

Fada ya raba Misa biyu: ta ƙarfe shida ta tsofaffin mawaƙa, ta ƙarfe tara ta masu jita. Hayaniya ta kwanta, kowa ya ce an yi adalci. Shi kaɗai abin ya tsaya wa a rai. Da can su uku suke fita tare, matar a gaba da littafin waƙa, Auta na gyara masa wuyan riga a hanya. Yanzu ya fita da ɗaya da sassafe, ɗayar ta iske shi a can. Da yake babu wani mai taɓa na'urar, duka biyun yake yi, ya ji wa'azi guda sau biyu, har yakan gane inda Fada ya gyara maganarsa a karo na biyu.

Shekara tara yana haka. A shago, mai ɗinki ta sha jin yana rera waƙa a maƙogwaro, ya fara da ta matarsa ya ƙare da ta Auta bai sani ba. Ranar da ta gaya masa, ya yi dariya ya ce ta rufa masa asiri.

Da gwiwa ta fara ba shi wahala, ya koya wa malamin makarantar nan aikin, ya miƙa masa makullin akwatin wayoyi. Gida ya ɗauki muhawara kan wace Misa zai zaɓa. Ya ce ta shida, don rana ba ta yi zafi ba, kuma tsohuwar waƙa tana tafiya daidai da ƙafarsa. Auta ta ce ai dama ta san za a rina.

Ita ma ta yi aure yanzu, tana can tana jan mawaƙanta. Wani lokaci, in ba ta da aiki, takan zo ta shida da jaririnta, ta zauna kusa da uban tana hamma. Uwar tana hango su daga wurin mawaƙa. In an tashi sai ta sauko ta karɓi jikan, ta ce da Auta ɗankwalinta ya karkace.