Ranar da Na Hau Jirgin Safe da Goyo

Ina tankaɗe a tsakar gida, hantsi bai gama ɗagawa ba, na ji sallamar Hajiya, uwar mijin 'yata. Ta shigo da jikana a kafaɗa, ɗaya hannun riƙe da ƙullin kayansa da wata 'yar kwalba.

"To, ga angonki nan," in ji ta tana dariya. "Yaye muka kawo. Sai ki tashi tsaye, miji ya tare."

Na ajiye rariya. Yaron nan ko shekara bai cika ba. A makon ne ya fara kama bango yana miƙewa. Mu a Jakara ban taɓa ganin an yaye ɗa bai yi tafiya da ƙafarsa ba, sai in uwa ta rasu ko wani cikin ya shiga.

Na ce, "Hajiya, lafiya dai? Ina uwar tasa?"

"Tana jirgi mana, ina kuwa za ta? Na yi magana da uban, shi kuma ya sami Malam, maigidanki, jiya a masallaci. Wannan rubutun yaye ne, ki riƙa ba shi safe da yamma, zai manta da nono. Kada dai ki bari su haɗu sai an kwana biyu."

"Ita ta sani?"

"Za ta sani in ta dawo."

Na kawo mata ruwa ta sha. Na raka ta har soro, na ce ta gaida gida. Har yau in na tuna da bakina na ce a gaida gida, sai in ji haushin kaina.

'Yar tawa ita ce 'yar fari. Yadda aka tashe mu, 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a zaman hira da ita, ba a shiga maganarta a gaban mutane. In ta yi abin kirki wata ce za ta yaba, in an cuce ta wata ce za ta tanka. Mijinta kuwa in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsugunnawa, ni ina bayan labule, "lafiya lau" ce kaɗai ke haɗa mu.

Aikin jinya ta karanta. Tana aiki a wani ɗan asibiti kusa da gidansu a Ƙofar Ɗan Agundi. Da ƙafa take zuwa, da azahar ta leƙo gida ta ba yaro nono ta koma. Albashin dai ba ya kai su ƙarshen wata. Sai wani kamfanin shinkafa da ke can wani gari a bakin layin dogo ya neme ta, ta riƙe musu asibitin ma'aikata. Abin da za su ba ta ya kusa ninka nata. Amma ba su ba da gida, mijin kuma ba zai bar rumfarsa a kasuwar Kurmi ba, hanyar mota ta lalace. Abin da ya rage shi ne jirgin ƙasa da aka dawo da shi a shekarar, mai tashi bayan asuba ya dawo da yamma in ya ga dama.

Babu wanda bai auna maganar nan ba. Mijin ya auna ta da buhun abinci da kuɗin haya. Hajiya ta auna ta da 'yar maƙwabciyarta mai aikin banki. Malam, maigidana, ya ce alheri ne ya zo har gida. Ita kuwa ta zo ta zauna a bakin gadona tana murza gefen mayafi, ta ce, "Umma, sun ce in je in gwada na mako guda kafin in sa hannu." Na san tambayata take yi. Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Abin da uwata za ta ce mini ke nan. Addu'a na yi, ban ce a yaye ɗan kowa ba. Amma wannan addu'ar suka ɗauka suka yi ta yawo da ita, wai ai uwarta ma ta yarda.

Da ta fara gwajin, takan ba shi nono kafin ta fita, ta bar wa Hajiya kunu, in ta dawo ta sake ba shi. Yaro ya wuni kuka, ya sake wuni kuka. Maimakon su jira ta dawo a zauna da ita, sai suka ga in aka cire nonon magana ta ƙare: yaro ya haƙura, uwa ta sa hannu. Suka bari sai da jirgi ya ɗaga da ita.

Wunin nan ban ga abin da ban dama ba. Kunun gyaɗa, koko, har fura na tace masa. Ya ture cokali, ya cusa kai a ƙirjina yana laluba, in bai sami komai ba ya ɗago ya dube ni kamar ni na ɓoye. Kwalbar rubutun na ɗora ta a kan kabad. Ayar Allah ce, ba ta yi mini laifin komai ba, amma ban buɗe ta ba.

Bayan magariba na ji muryarta a soro. Daga tasha gidanta ta je, ba ta tarar da shi ba, ta taho. Malam ya tare ta.

"Ki koma ɗakinki. An riga an gama magana da surukai, kada ki mai da mu ƙananan mutane."

"Baba, in gan shi kawai."

"In ya gan ki aikin ya ɓaci. Haƙuri za ki yi."

Yaron yana bayana. Da ya ji muryar sai kukan ya tsaya cak, ya juya kai wajen ƙofa. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Gaban hijabinta ya jiƙe sharkaf da nono, ta ɗora jaka a kai tana karewa don kunyar ubanta. Ta juya ta fita.

Malam ya shigo ya ce, "Kin ga, na sallame ta cikin lalama." Na ce na ji. A duk zamanmu ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Amma da na ajiye masa kwanon tuwo sai da murfin ya yi tsalle.

Da na idar da sallar asuba na goya yaron, na ɗaure da majanyi, na sa mayafi.

"Malam, zan fita."

"Ina zuwa da sassafen nan?"

"Tasha."

"Da yaron?"

"Da shi."

Ya dube ni, ya dubi goyon. Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Ni kuwa na ɗauki shirunsa yadda suka ɗauki nawa.

Ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba sai ranar. Ɗan adaidaita ya sauke ni a bakin tasha, na tsaya na haɗa baƙaƙen allon a hankali yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, na gane tagar tikiti. Na bi tarago tarago ina leƙe. Na same ta ta jingina kai da taga, idanunta sun kumbura. Ta ɗago ta ce, "Umma!" Na kwance goyon na miƙa mata.

Ya kama kamar zai haɗiye ta. Duk da ƙarar jirgin ana jin maƙogwaronsa. Wata mai ƙullin atamfofi da ke gefenmu ta ce, "Kai! Wannan maigidan azumi ya kai ne?" Matan wurin suka yi dariya. Ta juyo gare ni. "Baba, 'yarki ce?"

Na ce, "'Yata ce. Ta fari."

"Ta fari kika biyo har cikin jirgi? Lallai an taɓo ki."

An taɓo ni kuwa. Ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Hanyar nan na gan ta da idona, na ji ta a ƙuguna. Kujerun soson ya zube, ƙarfe ne kake zaune a kai. Jirgi ya yi ta jan jiki, ya tsaya a tsakiyar gonaki inda ba tasha ba kowa, ba mai ce maka ga dalili. Maza su sauka su kama ruwa su dawo, a ci gaba da zama. Rana ta fito ta gasa rufin. Wani malamin makaranta da ke bin jirgin kullum ya ce mini, "Hajiya, 'ya'yana suna barci nake fita, suna barci nake dawowa. Ƙaramin har ƙiwa yake yi mini." Ya faɗa yana dariya. 'Yata kuwa barci ya kwashe ta da yaron a ƙirji, bakinta a buɗe kamar lokacin da take ƙarama. Waɗanda suka yanke maganar nan a masallaci da tsakar gida, babu wanda ya taɓa zama a kan ƙarfen nan.

Da muka isa na shimfiɗa zani a gindin darbejiya kusa da asibitin. In ya nema sai in aika mai shara ta kira ta. Ta taga nake hango ta. Ɗaki fes, wuta ba ta ɗaukewa, ga firjin magani. Aka kawo wani lebura inji ya yanke shi a hannu, jini har ƙasa. Ta zaunar da shi, ta wanke, ta ɗinke, tana yi masa tsiya wai ƙato da shi yana tsoron allura. Kowa "Sista, Sista." Ni da na haife ta ban taɓa ganin tana aiki ba sai ranar, kuma na ga fuskarta. Tana son wurin.

Wannan ne ya ƙara hura mini wuta. Da ƙin aikin take yi, da sai in ce tura ta suke yi don kuɗi. Ashe tana so, tana cikin aunawa, tana neman yadda za ta haɗa biyun. Su kuma suka fizge ma'aunin daga hannunta, suka sa ɗanta a ciki kamar kayan da ya yi wa mai tafiya nauyi.

Jirgin dawowa ya yi latti. Aka kira magariba muna cikin daji. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ta juyo ta ce, "Umma, kin gani da idonki. Me zan yi?"

Addu'ar nan ta zo mini har leɓe, na mai da ita. Na ce, "Wurin yana da kyau, kuma kin iya aikinki. Hanyar kuwa muguwa ce, za ta ci jikinki. Duk wanda kika ɗauka ina bayanki. In kin karɓa, zan riƙa biyo ki da shi har ya yi ƙafa. Amma babu mai yaye yaron nan sai ke."

Ta dubi ƙafafuna. "Da waɗannan za ki riƙa biyo ni?" Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Washegari ba ta da aiki, na ɗauki kwalbar na tafi Ƙofar Ɗan Agundi. Na tarar da Hajiya da ɗanta a tsakar gida. Ya zube zai gaishe ni, yana jira in kau da kai yadda na saba. Ban kau ba. Na miƙa wa Hajiya kwalbar da hannu biyu.

"Ga amanarki, ban taɓa ba. Lokacinsa bai yi ba."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe kina magana?"

"Ina yi, Hajiya. Ba a tambaye ni ba ne."

Na juya ga mijin 'yata. Na ce, "Ɗana, a Kurmi in maƙwabcinka ya tafi salla ya ce ka duba masa rumfa, sayar da ita kake yi kafin ya dawo?"

Ya sunkuyar da kai. "Umma, wallahi don sauƙinta na yi."

"Na ga sauƙin shekaranjiya a gaban hijabinta. Ubanta ma ya gani."

Hajiya ta ce su a zamaninsu ba a shawara da yarinya a kan yaye. Na ce a zamaninsu kuma ba a jira uwa ta hau jirgi a ɗauke mata ɗa. Muryata ba ta tashi ba. Na yi musu sallama, wannan karon ban ce a gaida kowa ba.

Ta ƙarasa makon gwajin, ina binta da goyo. Daga nan ta roƙi kamfanin su jira ta har ta yaye shi. Suka ce ba za su iya ba, suka ɗauki wata. Ta koma ɗan asibitinta na unguwa. Ba zan ce ba ta jin abin ba, don in aka ambaci garin nan a gabanta sai ta sauya magana. Mijin in kayan abinci suka tashi yakan yi ajiyar zuciya yadda za ta ji. Hajiya da bakin leɓe take amsa gaisuwata. Malam ya ce na tsufa na koyi yawo. Duk na ji. Ni ma ban huce ba, don har yanzu a cikinsu babu wanda ya ce mata ta yi haƙuri da abin da aka yi mata a soron ubanta.

Sai da yaron ya fara gudu yana bin kaji a lungu, wata safiya ta shigo da shi riƙe a hannu, da ƙullin kaya da sabon rubutu.

"Umma, na kawo yaye."

Na ce, "Ke kika ce, ko cewa aka yi?"

"Ni na ce."

Na karɓe shi. Ya yi kukan da kowane ɗa ke yi in uwarsa ta juya baya. Da hantsi ya yi na dama kunun gyaɗa na miƙa masa, ya karɓi kofin da hannunsa ya shanye.