Bangon da Wuta Ta Riƙe

Asali

An aza harsashin wannan gidan abinci a shekarar 1938, a tsohuwar unguwa, kan kwanar da ke fuskantar kasuwa. Iyayensa biyu ne: wani magini mai ƙarancin magana, da matarsa, gwanar girki, wadda maganarta ta ishe su su biyu. Da dutse da ƙasa aka gina shi, da zaure mai tebur takwas, da ɗakin girki a baya, da ɗakin kwana a sama. A nan aka haifi 'yarsu tilo a 1941, wadda daga bisani unguwa ta sani da Mai Ludayi.

Shahara

Gidan ya shahara da abu biyu, abincinsa da kuma bangonsa na arewa, wanda ke da ɗumi ko da tsakiyar damina. 'Yan dako da teloli kan yi rige-rigen kujerun wannan ɓangare, wasu ma su cinye abinci su ƙi tashi. Babu wanda ya taɓa tambayar dalili, magini kuwa ba ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Aure da Zuriya

A 1962 Mai Ludayi ta auri wani direban babbar mota, wanda ya fara shigowa da sunan cin abinci, ya ƙare yana wanke tukwane ranar hutunsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. Magini ya rasu a 1969, matarsa ta bi shi bayan shekara uku, alhakin gida ya koma wuyan 'yarsu, ta riƙe shi shekara talatin da biyu ba tare da murhun ya kwana biyu a mace ba.

Jarrabawa

A 2004, da ƙafafu suka fara gaza mata, ta miƙa ragamar gidan ga babban ɗanta, wanda ake wa laƙabi da Injiniya, ba don ya karanta ba, sai don ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi. Da kyakkyawar niyya ya rushe murhun itace ya kawo na gas, ya toshe wasu ramuka da ya tarar a bayansa, ya shafe bango da siminti ciki da waje. Gida ya yi kyau, wannan kam babu musu. Sai dai bayan damina kaɗan bango ya fara tsatsafo da ruwa, tsaga ta taso daga ƙasa har taga. A watan Maris na 2011 jami'in duba gine-gine ya shafa jan fenti a ƙofa, ya ba da wa'adin wata uku: ko a gyara, ko a rushe.

Mai Ludayi ta sa aka sauko da ita daga ɗakin sama. Ta dafa bangon arewa, ta ji shi sanyi ƙalau, hawaye suka zubo mata.

"Ramukan nan na bayan murhu fa?" ta tambayi ɗanta.

"Inna, ai na ɓeraye ne, na toshe su tuntuni."

"Ɓeran da ya haƙa su kakanka ne. Tun ina ƙarama yake sa ni in zura sanda in kakkaɓe musu toka. Ashe ta nan zafi ke bi ya zagaye bango ya busar da shi."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Cewa ya yi in share, bai ce don me ba. Ni ma sai yau na gane."

Injiniya ya ji kunya matuƙa, amma bai tsaya jayayya ba. Washegari shi ya fara ɗaukar guduma. Teloli da 'yan dako da jikokin tsofaffin masu cin abinci suka taya shi ɓamɓare siminti, aka buɗe ramuka goma sha ɗaya, aka sake gina murhu inda tsohuwa ta nuna da sandarta. Mako tara wuta na ci, aka kuma ɗinke tsagar da dutse da ƙasa. A watan Yuni jami'in ya dawo da na'urarsa ta auna danshi, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya cire gidan daga jerin waɗanda za a rushe. A 2013 aka shigar da shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare.

Rasuwa

Mai Ludayi ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 2019, tana da shekara saba'in da takwas, bayan gajeruwar jinya. Jama'ar da ta halarci jana'izarta ta cika layin har bakin kasuwa. Ta bar jikoki goma sha huɗu da 'ya'ya uku: Auta, mai kula da zaure, Malama, wadda ta zana taswirar ramukan, ta rubuta amfanin kowanne, ta liƙa a ɗakin girki, da Injiniya, wanda yanzu furfura ta cika masa kai. Shi ke hura wutar kowace safiya, kuma duk sabon ma'aikacin da ya zo, sai ya zaunar da shi ya bayyana masa dalilin ramukan, ko bai tambaya ba.