Hannun Hagun Sadiƙu

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Tawa ya san Sadiƙu mai harawa, ko bai riƙe sunansa ba zai tuna kaurin wuyansa. Mutumin Barmu ne, ɗan kokawa a zamaninsa. Bai taɓa cin takobin gasar kokawa ta ƙasa ba, kada a yi masa ƙarin gishiri. Amma daga Barmu zuwa Afala, in kaka ta yi aka buga gangar kokawa, samari kan tambaya ko Sadiƙu zai zo kafin su ɗaura walki. Da ƙarfi ya fara ja da baya sai ya ɗauko matarsa Mariama suka dawo birni, ya kafa rumfar harawa da dusa. Har furfura ta cinye masa gemu bai yarda wani ya taya shi ɗora dami a ka ba.

Kokawa ta koya masa darasi guda da ya riƙe har tsufa: ɗan kokawa ba ya nuna inda ke masa ciwo. In gwiwar dama ta gurɗe, ta hagu ake ɗaure wa tsumma, abokin karawa ya je ya yi ta fama da lafiyayyar ƙafa. Da wannan dabara Sadiƙu ya kayar da waɗanda suka fi shi ƙarfi, kuma yakan ba da labarin yana dariya.

Abin da ba ya ba da labarinsa shi ne ciwon mahaifinsa. Sadiƙu yana saurayi tsohon ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi shekaru a kan tabarma, baki a karkace, miyau na zuba, yana kiran sunan 'ya'yansa ba a gane wa yake nufi. Sadiƙu ne mai juya shi, shi ne mai ɗaukarsa zuwa bayan gida. Tun daga nan ba ya tsoron mutum, ba ya tsoron mutuwa ma can, amma wannan tabarmar yana tsoronta har cikin ɓargo.

To, bana bayan girbi, wata safiya yana shan shayi a rumfa sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Hannun ya yi nauyi kamar na aro, can ya sake shi. Bayan kwanaki ya dawo, ya daɗe fiye da na farko. Sadiƙu bai faɗa wa kowa ba. Ya koma ga tsohuwar dabararsa: ya ɗaura laya a dantsen dama, ya riƙa kukan kafaɗar dama ta dame shi. Baiwar Allah Mariama kullum sai ta shafa masa man kaɗe a lafiyayyar kafaɗa, tana yi masa sannu, shi kuwa na hagun yana cikin aljihun riga a ɓoye.

Ana cikin haka Nasiru, ɗan ƙanwarsa, ya dawo daga cin rani a Abijan da tele, wato talabijin, mai faɗin ƙofar zaure, ya buɗe shagon wasan bidiyo kusa da tasha. Wasan da ya fi tara jama'a ba a riƙe komai a hannu. Akwai 'yar kamera a saman tele, mutum ya tsaya gabanta, ya kai naushi ko shuri a iska, gwarzon da ya zaɓa a cikin tele ya yi daidai abin da ya yi. Gwarazan kuwa tarkace ne, kowa da garinsu: wani mai takobi daga finafinan Sin, wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe, wata 'yar yarinya ta zanen yara mai jifa da wuta, biri da safar dambe, da wani ɗan kokawa mai rufe fuska. Waɗanda ko a mafarki ba su haɗa hanya ba, an tara su fili ɗaya suna jibgar juna.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sadiƙu ya biya don ya sa wa shagon albarka. Ya tarar da wurin cike da samari, fanka na juyawa a sama, ihu kamar ana rabon nama.

"Ga Kawu!" in ji Nasiru. "Ku ba shi wuri. Wanga shi na Sadiƙu na Barmu da kuka jin labari."

Wani mai gyaran babur, Ɗanlami, ya ce, "Baba, mun dai ji labari, ba mu gani ba. Ga ɗan'uwanka nan cikin tele, ko ka gwada muna?"

Da Sadiƙu ya yi dariya ya wuce, da shi ke nan. Amma ba a yi wa ɗan kokawa gori a gaban taro ya juya baya. Ya tuɓe hula, ya shiga tsakiya. A ransa ya ce ai inji ne, wanda ya ruɗi maza a fili ba zai kasa ruɗin gilashi ba. Ya karkace ya ba kamerar ɓarin dama, ya ɓoye hagu a bayansa, irin tsayuwarsa ta da.

"A'a Kawu," Nasiru ya ce, "hwuskance ta sosai. Sai ka buɗe hannuwa duka biyu ta auna ka, in ba haka ba ba ta hwarawa."

Sadiƙu ya ga ba makawa. Ya juyo a hankali, ya ciji leɓe, ya buɗe hannuwa. A cikin tele ɗan kokawa mai rufe fuska ya buɗe nasa. Na dama ya miƙe sambal. Na hagu ya tsaya kaɗan, sannan ya fara sauka a hankali har ya rataya a gefen cinya.

Samari suka kwashe da dariya, suna cewa inji ya ji tsoron Baba. Nasiru ya goge idon kamerar da bakin rigarsa, aka sake, hannun ya sake sauka. Ɗanlami ya shiga ya gwada, hannuwan gwarzon suka tsaya cak. Sadiƙu ya ƙura wa tele ido. Abin da ya ɓoye wa matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ga shi an baje a bango, kowa na kallo.

Aka dai lallaɓa wasan ya fara, aka haɗa shi da mutum-mutumin ƙarfe. Ƙaton ya kawo duka ta hagu. Sadiƙu ya ce wa hannunsa tashi, hannun bai ji ba. Duka na biyu ya zo ta nan, na uku ma haka. Samari na ihu, "Kare hagu, Baba! Hagu!" Ya buɗe baki zai ce musu kafaɗar dama ce ke damunsa, sai ya ji harshensa ya cika masa baki, maganar ta fito a dagule. Ya san wannan muryar, ya yi shekaru yana jin ta daga kan tabarma. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba a gaban wani namiji.

Nasiru ne kaɗai ya daina kallon tele ya kalli fuskar kawunsa. Ya miƙa hannu bayan tebur ya fizge waya, tele ta mutu.

"Kuran ya tahi," ya ce da ƙarfi, wai an ɗauke wuta. "Ku hita, sai an jima."

Fanka na nan tana juyawa a kansu. Ɗanlami ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi Sadiƙu, sai ya shiga korar sauran waje.

Da suka rage su biyu, Nasiru ya durƙusa gabansa. "Kawu, tun yaushe?"

Sadiƙu ya nuna layar da ke dantsen dama.

"Ba wanga nika tambaya ba. Wancan."

"Tun kaka," Sadiƙu ya ce da ƙyar.

"Inna Mariama ta sani?"

Ya girgiza kai, hawaye ya gangaro ta gefen bakin da ya fara karkacewa, bai ma ji saukarsa ba.

"Gidan likita za mu yanzu-yanzu. Wanga ciwo ba a jira da shi."

Nasiru ya turo babur har bakin ƙofa, ya tallafe shi ya hau baya. Sadiƙu ya kama rigarsa da hannun dama, na hagun yana lilo. Nasiru ya ga ba za su kai a haka ba, ya karɓi rawanin wani Buzu mai shayi a gefen shago, ya zagayo da shi ta bayan kawunsa don ya ɗaure shi a jikinsa, ya tsaya bai ɗaure ba, don kunya.

"Ɗaure," in ji Sadiƙu. "Ɗaure da kyau, ɗana. Tsoro nika ji."