Ranar da Masunta Suka Ɗauke Ni Daga Filin Ƙwallo

Tsufa ya sa ina manta abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi lalube, amma ranar da muka kara da 'yan reluwe na garin Malam Madori ba za ta taɓa fita daga raina ba. Yau kulob ɗinmu yana da riguna da mota da 'yan wasa masu albashi. Yaran yanzu in aka ce musu ni na fara ci wa kulob ɗin ƙwallo a babban wasa, sai su riƙa kallona da girma. Ba su san ragowar labarin ba.

Zamanin Turawa ne, ana dab da samun mulkin kai. Mu goma sha ɗaya ne cif, malaman makaranta da ma'aikatan En'e, sai ni ɗan gidan masunta da aka ɗauka saboda gudu. Aka ce duk wanda ya yi nasara tsakaninmu da 'yan reluwe, shi zai shiga jirgin ƙasa ya je Kano buga wasa. Su kullum suna cikin jirgi, ni kuwa ko ƙofarsa ban taɓa taɓawa ba. Wallahi Kano nake ci, Kano nake sha.

Matsalarmu ɗaya, ba mai zuwa kallonmu. Mutanen Hadeja cewa suke ƙarti sun rasa aikin yi suna bin fata a rana. Sai na tafi bakin kogi wurin kawuna, masunci ne kuma tsohon ɗan kokawa, wanda in ya yi magana duk masunta sai su tashi.

"Kawu, gobe za mu kara da baƙi. Ku zo ku tsaya mana."

"Karawa ta gaske ko wasan yara?"

"Ta gaske."

"To, in ka kayar da su, mene ne alama?"

Na ce in ƙwallo ta shiga tsakanin sanduna biyu. Iyakar bayanin da na yi masa ke nan, don a lokacin gani nake na fi ƙarfin zama ina koyar da masunta.

Washegari bayan la'asar suka ajiye gora da koma suka cika fili, har da makaɗan kokawa. 'Yan reluwe suka fito da takalmansu masu ƙusa, mu kuwa ƙafa Allah ya ba mu. Ba a daɗe da farawa ba kyaftin ɗinmu, wani malamin makaranta, ya turo mini ƙwallo. Na zura da gudu na narka ta, golansu ya yi tsalle ya faɗi rigingine, ƙwallo ta wuce.

Sai na ji muryar Kawu: "Kaye!"

A kokawa, da zarar an kai mutum ƙasa zance ya ƙare, sai a ɗauki gwani a zaga gari da shi. Ga ƙwallo ta shiga, ga kuma gola kwance, me ake jira? Kafin in juya na ji ni a sama, kan kafaɗun ƙarti huɗu. Alƙalin wasa yana ta busa usur, makaɗa suka ɗauka taya su yake yi, suka ƙara wuta. Kyaftin ya biyo mu yana haki yana cewa Kawu, "Baba, ba a gama ba, yanzu aka fara." Kawu ya dafa shi ya ce, "Haba Malam, da idonka fa ka gani. So kake a ci mutuncin baƙi sau biyu?"

Haka aka bi da ni ta kasuwa, mata na guɗa, wata tsohuwa har bandar kifi ta cusa mini a hannu. A nan ne zan faɗi abin da na daɗe ina tsallakewa in ina ba da labarin: daga fili har kasuwa ban ce uffan ba. Daɗi nake ji. Ni da ake kira mai bin fata, yau ga makaɗi yana kiran sunana da na kakana. Sai da na hango kogi hankalina ya dawo, na fara roƙon a sauke ni, su kuma suka ce kunya ce irin ta gwanaye.

Da ƙyar na zame na sheƙa da gudu. Lokacin ba a canjin ɗan wasa, mutum goma suka yi ta fama. Ina isa bakin fili ana busa tashi, an ci mu biyu da ɗaya.

Kyaftin bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kawunka bai san doka ba, ba ni da ta cewa a kansa. Kai fa? Na bi ku har bakin kasuwa, ban ji ka ce a sauke ka ba. Hannu na ga kana ɗaga wa mutane." Na tsaya riƙe da bandar kifi, na rasa inda zan sa kaina.

Da Kawu ya ji, ya daɗe yana jinjina kai. "Yanzu wanda aka kayar shi zai tafi Kano? Lallai Turawa da rikici suke." Amma wasa na gaba shi ya zo da igiyar jirgin ruwa ya zagaye fili, ya zauna da sandarsa, ba mai tsallakewa sai an busa tashi. Asalin ƙungiyar magoya bayanmu ke nan.

Su sun koyi dokar a rana ɗaya. Ni kuwa na hana mutum goma zuwa Kano, kuma biyu daga cikinsu har suka rasu ba su je ba. Tun daga ranar, in ana yabona aiki bai ƙare ba, ni nake fara cewa a sauke ni.