Kifin Teku a Ɗakinmu na Gure

Shekarar da fari ya cinye shanun Gure ina amarya, wata biyar da tarewa, kuma a ɗakinmu akwai teku. Wani Nasara likita ne ya bar wa maigidana ita da zai koma ƙasarsu: akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, cike da ruwan gishiri, da dutsen murjani mai rai a tsakiya, da kifi biyu masu launin lemo da farar ɗamara. Wani ɗan famfo da aka jona da batirin mota yana hura musu iska. Maigidana ma'aikacin asibiti ne, daga Maraɗi aka turo shi, kuma yadda yake kallon akwatin nan ko ni ban samu irinsa ba.

Ni kuwa tuni na ɗaura wa kifayen aure a zuciyata. Babban ango, ƙaramar amarya, an raba su da dangi an kawo su cikin rairayi kamar mu. Sai in zauna ina kitsa musu labarin soyayya har tuwo ya kama.

Ana nan aka tura shi Alakos yi wa ƴaƴan makiyaya allura, kwana arba'in. Kafin ya hau mota ya zaunar da ni gaban gilashin.

"Amarya, abincinsu ɗan tsunkule ɗaya, sau ɗaya a yini. Ko sun yi miki kuka kada ki ƙara."

"Malam, kifi yana kuka?"

"Ke ai har kukan turmi kina ji."

Ya ba ni wata ƙaramar kwalba ya ce in riƙa ɗiga maganinta a cokalin ruwan akwatin. In ya yi shuɗi, fosfat ya yi yawa. Fosfat, in ji shi, taki ne. Ragowar abinci da kashin kifi ke kawo shi, gansakuka kuma ta ci ta bunƙasa kamar ciyawa a makwancin shanu. Duk mako in kwashe ƙwarya biyu, in mayar da tataccen ruwan asibiti da ya tara mini a bido, wato jarka, haɗe da gishirin teku na gwangwani.

Na ce to. Amma a gidanmu an koya mini cewa in baƙo ya suɗe kwano, ƙari ake yi masa ba tambaya. Su kuwa duk gilmawata sai su taso jikin gilashi suna buɗe baki. A waje mata makiyaya suna sallama da ƙorai wayam, abin da nake ba su bai kai ya kawo ba. Waɗannan baƙi biyu dai ina iya ƙosar da su. Tsunkule ɗaya ya zama uku. Na ƙara da gwaiduwar ƙwai da marmashin kilishi.

A mako na biyu wata mata ta shigo da jariri mai zawo, idonsa ya faɗa. Ruwan rijiya a lokacin laka ne. Na ɗauki bidon tataccen ruwan na ba ta duka.

Maƙwabciyata, matar direban asibiti, Babarbariya ce mai barkwanci. Ta same ni ina tagumi.

"Amarya, waɗannan ko romo ba su yi, kike musu hidimar surukai?"

"Yaya, ruwansu ne babu. Gishirin ma ya kusa ƙarewa."

"Gishiri a ƙasar manda? Ki tace na rijiya da ɗankwali, ki jefa manda. Kuma ki matsar da su bakin taga, duhu ya ishe su."

Haka muka yi, mu biyu muka ja teburin.

Da fari wani kore ne ya shafi gilashin, har na ce ya yi kyau. Kwana kaɗan ya zama gashi, dogo mai yauƙi, ya nannaɗe murjanin. Ƴan bakunan murjanin da ke buɗewa da hantsi suka rufe. Ɗaki ya ɗauki ƙarni. Sai a lokacin na tuna da kwalbar. Ɗigo uku, ruwan cokali ya koma kamar na marina.

Na kankare gilashi da reza, na tsige gansakuka da hannu, na hana su abinci kwana biyu. Don tsoro na kwashe rabin ruwan a yini ɗaya na cika da na rijiya da manda. Washegari ƙaramar tana kwance a gefe, tana numfashi da ƙyar. Kafin azahar ta taso sama, ciki a waje. Na binne ta a gindin katanga ban gaya wa kowa ba.

Maigidana ya dawo a rame, leɓe a fashe. Daga baya na ji yawan yaran da ƙyanda ta kashe a gabansa. Ko takalmi bai cire ba ya tsaya gaban akwatin. Ya daɗe.

"Me kika ba su?"

Na faɗa masa duka, har bidon. Na so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, in yi kuka a wuce wurin.

"Yaron ya rayu?"

"Ban sani ba, Malam. Ba ta dawo ba."

Ya gyaɗa kai. Kwana uku yana ɗauko tataccen ruwa daga asibiti, yana sauyawa kofi kofi, ya lulluɓe gilashin da bargo don rana. Murjanin ya riga ya yi fari fat kamar ƙashin raƙumi. Rana ta huɗu da safe babban ya bi ƙaramar. Maigidana ya cire wayar famfon daga batir, ya zubar da ruwan a bayan gida, ya wanke hannu ya tafi aiki.