Ɗan Farin Hajjo

Dabo ɗan wani ƙauye ne a gefen Zandam, kuma shi ne ɗan farin Hajjo. Wanda ya san gidajen Fulanin Gwaram ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a ɗaki. A hannun goggonsa Azumi ya tashi.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Dabo na makarantar likitoci a Zariya, a ajin da ake sakin littafi a kama marasa lafiya. Shekarar ta ci shi. Tun asuba yana tsaye bayan babban likita, daga wannan gado zuwa wancan, a tambaye shi ya daburce, a yi masa tatas gaban jama'a. Abinci sai a tsaye. Ya rame har wandonsa sai da ya ƙara wa bel huda. Amma hannunsa ya koyi lalube, hancinsa kuma ya san warin ɗakin mata, inda masu ciwon dajin nono ke kwance.

Da ya zo hutun Sallah, Hajjo ta gifta da ƙwaryar nono, ta ɗage hannun hagu daga jikinta. Warin nan ya buge shi.

Mutumin da ya duba matan da bai san iyakarsu ba, sai ga shi ya kasa taka ƙofar ɗakin uwarsa. Kunyar ai ba ita kaɗai ke da ita ba. Goggo Azumi ya aika.

Ta dawo tana girgiza kai. "Ta ce maruru ne, an sa magani. Ta ce ita da kwance zane gabanka, sai dai bayan ranta."

"To a kai ta asibitin Birnin Kudu, Goggo. Wallahi ko hanyar ba zan bi ba."

"Ta ce sai an gama yankan gero."

Ya san ciwon ba ya jiran gero. Ya tsaya bakin zana yana jin tarinta. Washegari ya hau mota, don jarrabawa ta matso, wanda ya faɗi kuwa sai ya maimaita shekarar.

Ya ci jarrabawar. Ranar da aka sallame su ya kamo hanya, ya ƙudura ko za ta tsine masa sai ya sa ta a mota.

Tun daga nesa ya hango tabarmin zaman makoki a ƙofar gida.

Goggo Azumi ce ta tare shi a zaure. Ta ce, "Tun watan jiya ta kwanta. Na ce a aika maka, ta ce kul, kada a raba yaron nan da karatunsa."